Ƙarin da ke Kan Magaji

Ranar cin Kasuwar Daji na hau babur ɗin maƙwabcina Magaji, ɗan acaɓa, muka yi karo da jaki. Jakin nan ba ɓuya ya yi ba. Yana tsaye a gefen hanya, kowa ya gan shi ban da direbana.

Na tashi ina kakkaɓe riga na ce, "Magaji, makancewa ka yi?"

Ya ce, "Wallahi Malam, gabana kawai nika gani. Dama da hagu duhu ne."

Sai na dube shi da kyau. Yatsunsa sun yi kauri, haɓarsa ta turo gaba, ya tsaga bayan takalminsa don ƙafa ta shiga. Ciwon kai ya hana shi sakat tun bara. Mai kyamis ya ɗura masa maganin maleriya har ya gaji, 'yan tasha kuwa cewa suke ya samu duniya.

Na ja shi asibiti. Dakta Nadiya ta sa ya kalli hancinta, tana kaɗa yatsa ta gefe. Bai gani ba. Ta karɓi katin zaɓensa ta gwada hoton da fuskarsa, sai ka ce wa da ƙani.

Ta ce, "Akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ke sarrafa sinadaran jiki. Ina zargin ƙari ya fito mata, yana danne jijiyar ido. Galibi ba kansa ba ce, amma in aka yi jinkiri ido zai iya tafiya. Sai an gwada jini, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa."

Na ce alhamdulillahi, ai Mai Girma Uban Talakawa, jagoran siyasarmu, ya kawo mana na'urar ɗaukar hoton. Da idona na ga ya yanke ƙyalle, aka sha kiɗa.

Dakta ta kai mu muka gaishe da na'urar. Tana cikin akwatinta tsaf, ba wanda ya ɓata ta da aiki.

Rashida matar Magaji ce ta raka shi Sakkwato ɗaukar hoton. Hoto ya nuna ƙarin, an ce ta hanci za a ciro shi. Yanzu ya jingine babur, yana jiran ranar aiki.

Ni kuwa na kai kuka wurin Mai Girma, aka ce ya tafi ƙasar waje a duba masa haƙori. Allah ya ba shi lafiya, jama'a. Haƙoran nan suna shan aiki.