Yadda Ake Korar Awakin Maƙwabci da Kallon Kaboyi

Idan awakin maƙwabci sun sa gonar wakenka gaba, bi matakan nan. Na yi maka alkawari kafin sati za ka ga igiya a wuyan kowace akuya. Ni Abarshi na Tsarnawa na gwada a kan maƙwabcina Chindo, wanda awakinsa bakwai suka shiga wakena sau uku, saura kwana ashirin a yi roro.

1. Ka san asalin ilmin

Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, sauran karatun a silima na ƙarasa shi. Shekara arba'in ina gaya wa mutane Amurka ce nake gani a finafinan kaboyi. Bara jikata Raihanatu ta duba waya ta ce, "Kaka, waɗanda kake so ɗin nan mutanen Italiya ne suka yi su, a wani fako na ƙasar Sipaniya." Kwana biyu tuwo bai yi mini daɗi ba. Daga baya na yi tunani: in ɗan Italiya zai zama ɗan Amurka a ƙasar wasu, ya buɗe baki a silimarmu Faransanci ya fito, me zai hana mutumin Tsarnawa? Fako muna da shi. Kuma su suka koya wa duniya cewa jarumi ba sai ya yi wanka ba, ba sai ya yi magana ba. Kallo ya isa.

2. Haɗa kaya

Malfa mai faɗi. Bargo a huda tsakiya, ka zura kai. Tambayi mai bargon kafin ka huda. Ni ban tambayi matata Tsahara ba, har yau ta wannan hudar sanyi ke shigo mana, faɗa ma haka. Maimakon taba, asuwaki a gefen baki. Bindiga ka bar wa jandarma.

3. Zaɓi rana tsaka

Kaboyi ba ya neman inuwa. Je ƙofar gidan mutumin, tsaya nesa da shi taku ashirin, buɗe ƙafa, kanne ido. A fim akwai mai yin fito daga nesa. Ni jakin Tanimu mai amalanke ne ya yi kuka, na karɓa a haka.

4. Kada ka amsa gaisuwa

Nan ne aikin yake, don mutanen Italiya ba su yi lissafi da Bahaushe ba. Chindo ya fito da buta a hannu.

"A'a, Malam Abarshi! Ina wuni?"

Na ƙara kanne ido.

"Ina gajiya? Ya iyali?"

"Lafiya lau" ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta da ruwan asuwaki. Tunda aka haife ni ban taɓa riƙe gaisuwar mutum ba. Ya fi azumin bazara wuya.

Ya matso ya leƙa ƙarƙashin malfa. "Subhanallahi. Mi ya samu idonka? Bargo cikin wagga rana?" Ya ƙwala wa matarsa kira: "Aishatu! Kira Tsahara, jikin Malam ba daidai ba!"

5. Ci gaba da tsayuwa

A fim, ɗaya daga cikin biyun ne ke faɗuwa. Ba a taɓa gaya mini yadda ake zaɓensa ba. Na farka a kan amalanke, hanyar likita, kaina bisa cinyar Chindo, yana yi mini fifita da malfata yana hawaye. Tsahara na gefe tana cewa, "Ku bar shi, silima ce ta taso masa."

6. Girbi sakamako

Da yamma Chindo ya ɗaure awakinsa duka bakwai. Ya ce wa jama'a, "Bawan Allah wanga baƙin cikin wake zai kashe shi, ba da hannuna ba." Na rori buhu huɗu, harawa ta cika rumfa. Ka ga ilmi ya yi aiki.

Sai dai yanzu in na zauna a fada na fara labarin fim, sai wani ya miƙo ruwa, wani ya matsar da ni inuwa.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya suma, ko aka tofa masa addu'a, ko aka ɗaure shi tare da awakin, ba ruwan Abarshi. Ya kai ƙara Italiya. Kuma in mun haɗu a kasuwa, kada ka ce mini "ya jiki".