Maganina a Ruwan Kaji

Kwana biyu da fara shan maganin ciwon sanyi, zafin fitsarin ya ɗauke cak. Na ce ai jinina mai ƙarfi ne. Sai na farfasa sauran kafson a ruwan kajina da ke mura.

Sati bai cika ba ciwon ya dawo. A asibitin kamfaninmu na Challawa, da nas ta ji kwana biyu kawai na sha maganin, sai ta ɗaga murya: "Malam, na kwana bakwai na ba ka! Ina sauran?"

"Kaji suka sha," na ce ƙasa-ƙasa.

Wai asibiti, amma labule kawai ya raba mu da layin abokan aikina!

Kajin, marasa kunya, suka warke sarai. Ni kuwa har yau in na shiga motar ma'aikata, sai wani ya yi cara, sauran su ce, "Malam, ya masu jiki?"