Ranar da Na Gamu da Majiyata Mai Tushe

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka taru yi wa surukina barka da aikin ido ba. Ko na so in manta ma, dangin matata ba za su bari ba, don har yau in na gyara zama zan ba da wani labari a gidansu na unguwar Banifandu, sai wani ya tambaye ni a hankali ko gaz ya ƙare. Bari in ɗauko zancen daga tushe, ku ji yadda tukunyar gaz ta shigo harkar silima.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare nan Yamai, kuma ina da ciwon da likita bai san maganinsa ba, wato son tsofaffin finafinai. Kallon kaɗai bai ishe ni ba, sai da na haɗa da duba irin na bokaye. Finafinan nan na zamanin baƙi-da-fari suna kulle a rumbunan manyan kamfanoni can Turai, masu su ba su ci ba, ba su ba mai ci ba. Jefi-jefi wani ƙaramin kamfani yakan je ya karɓi hayar izinin fim guda na ƴan shekaru, ya wanke shi, ya gyara muryar, ya sa a faifai yadda kowa zai kalla a ɗakinsa. Ba a shelar cinikin sai an gama, don haka mu masu ciwon abin sai mu zauna muna hasashen wanne ne zai fito bana. Muna da grup a waya, daga Yamai zuwa Damagaram, har da wasu ɗalibai a Faransa. Sau biyu na taɓa cewa fim kaza zai fito, ya kuwa fito, aka laƙaba mini Boka. (Lokutan da na faɗa bai fito ba, ba wanda ya ƙirga, ni ma ban tuna wa kowa ba.)

Surukina Baba Isufu shi ya ƙara wa ciwon nan yaji. A ƙuruciyarsa shi ke juya injin fim a wata silima marar rufi, wadda yanzu ake jibge buhunan shinkafa a ciki. Daga duk finafinan da suka bi ta hannunsa, guda ɗaya yake ba da labari, wani da Turawa suka ɗauka a bakin kogi wajen Gudel. A cikinsa akwai wata yarinya da ta sauko daga kwalekwale da ƙwarya a ka, ta waiwayo ta dubi mai ɗaukar hoto, ta yi dariya, ta wuce. Iyakar aikinta ke nan, ko uffan ba ta ce ba. Baba ya ce sati uku yana haska fim ɗin, kuma kullum in an zo wurin sai ya manta da tabar da ke hannunsa har ta ƙone masa yatsa. Da aka mai da fim ɗin inda ya fito, sai ya hau kekensa ya nufi Gudel, yana bi lambu-lambu da ɗan guntun Zabarmancinsa yana tambaya, har ya same ta. Yarinyar nan ita ce Inna, mahaifiyar matata Ramatu. Ta daɗe da rasuwa, kuma hoton da ta bari ɗaya ne tak, na katin ɗan ƙasa, wanda aka ɗauka bayan ta tsufa, ta haɗe rai kamar an ci ta tara.

To, yanar ido ta rufe wa Baba idanu duka biyu, wajen shekara bakwai ba ya ganin komai sai inuwa. Likita ya ce aikin ɗan ƙarami ne, amma Baba ya ƙi. Ramatu ta yi kuka har ta gaji, yayanta Mutari ya taso takanas daga Damagaram ya yi lallashi, duk a banza. Abin da yake cewa kullum shi ne ba mai kai wuƙa idonsa, kuma abin da ya cancanci gani a duniya ya riga ya gani.

Ana nan, wata Asabar da hantsi ina zaune a tsakar gidanmu na unguwar Bobiyel, sai alamu uku suka haɗu a kaina. Wani ɗan guntun fim ɗin mai hazo-hazo da ke intanet (ba wurin Inna ba ne, wurin wasu masunta ne) an cire shi ba bayani. Kamfanin da ke riƙe da shi na ji an ce ya canza shugabanni. Sannan wani ƙaramin kamfanin faifai ya sa zanen kwalekwale a shafinsa, ya ce a saurari albishir. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Nan take na danna waya na yi vokal, wato saƙon murya, na minti bakwai na tura wa grup. Na tuna sarai na fara da "ina zato", amma kafin in kai tsakiya zaton ya faɗi a hanya ban koma na ɗauko shi ba.

Bayan kamar kwana goma sai wani tsohon ɗalibina ya turo mini saƙo rubutacce da Faransanci, irin wanda ya sha hannu ya zaga duniya. Saƙon ya ce wata majiya mai tushe a Yamai, wadda ke da kusanci da kamfanin, ta tabbatar an sa hannu, fim ɗin Gudel zai fito kafin ƙarshen shekara. Ga hujjoji uku an jero, kuma ikon Allah, daidai da nawa. Na karanta ya fi sau biyar. Maimakon in tambayi kaina yadda aka yi hankalin mutum biyu ya zo ɗaya haka har da jerin magana, sai na ji kaina ya kumbura, na ce ashe bokancina ya kai a yi shaida. Har kishin mutumin na ji. Na riƙa zana shi a raina, wani dogo mai farin tabarau da buro, wato ofis, mai sanyi, wanda Turawa ke bugo wa waya su yi shawara, ina ta mamakin yadda muke gari ɗaya ban san shi ba.

Ranar ko abincin rana ban tsaya ci ba, na hau moto, wato babur, sai Banifandu. Na durƙusa gaban Baba na gaya masa. Ya juyo da fuska wajena ya ce, "Har da wurin kwalekwalen?" Na ce har da shi, a wanke tas, yadda zai iya ƙirga zanen da ke jikin ƙwaryar. Bayan kwana biyu ya aika a kira Ramatu, ya ce ta shirya ta kai shi wurin likitan nan nata.

Daga nan na bar duniyar mutane na koma ta mafarki. Ina gaban allo ina koyar da daular Songai, amma idona na ganin kwalin faifan, ruwan kogi fari ƙal, kwalekwale na tahowa a hankali. In na bi ta bakin kogi da la'asar sai in tsai da moto ina kallon masu wanki, in ga kamar launi na zubewa daga jikin komai, duniya ta koma baƙi-da-fari. Na sayi farar ƙasa na shafe bangon tsakar gidan Baba da hannuna, na roƙi darekta ya ara mini majigin makaranta tun ba a san ranar ba. Na ga kaina zaune kusa da Baba, haske na fita daga bayanmu, Inna na waiwayowa, shi kuma ya dafa kafaɗata ya ce duk cikin surukansa ba kamar ni. (Ni kaɗai ne surukinsa namiji, amma a mafarki ba a duba wannan.) Ramatu ta tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata, na ce mata harkar ta fi ƙarfin fahimtarta.

Aka yi aikin lafiya, ido ɗaya sannan ɗayan. Da ya warware sai aka sa ranar Lahadi a taru a yi masa barka. Mutari ya zo daga Damagaram, ya biyo ta Maradi ya taho da ɗiyata Nana, wadda ta yi hutu wurin mahaifiyata. Ita ta sauka gida Bobiyel don ta yi wanka ta taho da fura, mu kuma muka wuce. Bayan la'asar tsakar gida ta cika, maza a gindin mangwaro, mata a kan tabarmi daga gefe, Baba a kujerarsa da baƙin tabarau yana fuskantar farin bangona. Ni kuwa na miƙe ƙafa ina bayanin yadda ake cinikin izinin fim, kamar da ni ake zama teburin.

Akwai wata maƙwabciyarsu, Tanti Rahila, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ƴar Dogonduci, ita ke ɗiga wa Baba magani safe da yamma. Ba da wata manufa ba, sai ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ta ce, "Mushe, shi wanga labari wa ya ba ka shi?" Na ce majiya mai tushe. Ta ce wace ce majiyar. Na fara kame-kame, sai Mutari ya kawo mini ɗauki, Allah ya saka masa. Ya ce kada kowa ya yi shakka, don shi ma zancen ya iske shi har kasuwar Damagaram, kuma jiya wani abokinsa ya turo masa muryar ainihin mutumin da labarin ya fito daga bakinsa, hanya ce ta hana shi saurare. Zuciyata ta yi fari, yau zan ji muryar dogo mai tabarau. Ni da bakina na ce ya ƙure ƙarar yadda mata za su ji.

Ya danna. Aka ji zakara ya yi cara, wani zakara mai shaƙaƙƙiyar murya da na san shi farin sani, don ni na sayo shi. Sai wata murya ta yi gyaran murya ta ce, "Salamu alaikum masoya silima, Bokanku ne." Mutari ya dubi wayar, ya dube ni, amma hannunsa ya kasa kashewa. Murya tana ta zuba hujja ta ɗaya, hujja ta biyu, sai daga nesa aka ji Ramatu rangaɗaɗau: "Baban Nana, gaz ya ƙare fa, shinkafa na bisa wuta, ka bar surutun banzan nan ka tashi." Majiya mai tushe ta amsa da cewa, "Ina zuwa, ina cikin muhimmin aiki."

Tanti Rahila ce ta fara, ta toshe baki da gyale kafaɗunta na rawa. Daga nan wuri ya ɓarke, har wani kawu ya ƙware da shayi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Amma ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi zafi shi ne yadda ta riƙa mutuwa da kaɗan-kaɗan, mutane na juyawa suna duban Baba, wanda bai yi dariya ba.

Ya ce, "Wato babu fim?"

Na ce, "Babu, Baba. Zatona ne ya je yawo ya dawo, ban gane shi ba."

Ya jinjina kai yana kallon bangon da na shafe. Na sa dattijo ya kwanta an kai wuƙa idonsa, abin da ya fi tsoro a duniya, don ya ga matarsa, ga shi ido ya buɗe ba abin gani sai farar ƙasa. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayinsa har hawaye suka cika mini ido.

Ana cikin haka aka yi sallama. Nana ce, shekararta sha shida, ta shigo da ƙwaryar fura a ka, ta bi ta gaban farin bangon za ta wurin mata. Ganin kowa ya yi tsit ya zuba mata ido, sai ta waiwayo ta yi ƴar dariya. Rabon Baba da ganin fuskarta tun tana ƴar firamare. Ya ɗaga hannu a hankali ya cire baƙin tabarau ɗin, Tanti Rahila na cewa likita ya hana, bai ko ji ta ba. Ya ce wa Nana ta koma bakin ƙofa ta sake shigowa. Ta koma, ta shigo, ta waiwayo, tana dariyar rashin sanin dalili. Ya ce ta sake. Sau uku ana yi, ba mai motsi, Ramatu na kuka ba sauti.

Can ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Ku bar wa Nasara abinsu. Ashe fim ɗin yana gidana shekara da shekaru, ni ne ban da injin kallo." Sai ya juyo wajena, karo na farko da ya ga fuskata sosai tun da furfura ta fito mini, ya ƙare mini kallo ya ce, "Kai kuma Boka, ka dai sayo gaz ɗin ko?"

Albishir ɗin kamfanin nan ya fito daga baya, wani fim ne na masuntan wata nahiya can, ko kusa da kogin Kwara bai zo ba. Na Gudel yana nan a kulle inda yake, ban kuma ƙara cewa zai fito ba, ko da yake wani lokaci in na ga alama bakina yakan yi ƙaiƙayi. Abin da na koya shi ne magana zarar bunu ce, kuma tawa har tufafi takan canza a hanya ta dawo ta gaishe ni da Faransanci. Yanzu duk wanda ya ce mini ya ji daga majiya mai tushe, sai in ce ya kunna mini muryar tukuna, in kasa kunne in ji ko zakaran gidan wa ke cara a baya.