Anti Hujja da Keken Goggo

Allah ya yi wa gidan nan gata da ya ba su Anti Hujja. Wasu sai sun hau mota, sun yanki kati, sun bi layi kafin su ga masani. Su kuwa tasu masaniyar tana nan a ɗakin da ke kusa da banɗaki, da tabarau da shuɗin fayil, a shirye take ta gyara wa kowa tunani ko bai roƙa ba.

Shekara huɗu ta yi a jami'a tana karanta halayyar ɗan Adam, ga wata biyu tana koyon aiki a sashen ba da shawara na wani asibiti. Wata biyu ba wasa ba ne. A cikinsu ta gano abin da ya gagari kakanni: ba abin da ya same ka ne yake wahalar da kai ba, abin da ka faɗa wa kanka game da shi ne. Gyara tunani, zuciya ta kwanta, jiki ma ya samu sauƙi. Maganar gaskiya ce, malamanta suna taimakon mutane da ita kullum. Sai dai su cokali suke ɗiba, ita da bokiti take zubawa.

A waje ba ta da baki. Idan maƙwabciya ta gaishe ta, takalminta take amsa wa. Idan mai shago ya ba ta abin da ba shi ta tambaya ba, sai ta yi godiya ta kawo gida. Amma da zarar ta rungumi fayil, sai muryar wata mata daban ta fito.

"Baba, ba gwiwarka ce matsalar ba," in ji ta, ran da ya yi nishi zai tashi. "Fassarar da ka yi wa gwiwar ce. Mece ce hujjarka cewa ba za ka iya hawa bene ba?"

Baba ya dube ta, ya dubi gwiwar, ya ce Allah ya yi albarka. Mama ta ce kamar za a yi ruwa, a kwashe shanya, aka tambaye ta hujjarta. Tun ruwan bai gama jiƙa zannuwan ba sunan ya kama.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa. Shugabar sashensu ta ce kowane ɗalibi ya kawo rahoton mutum ɗaya da ya bi da shi daga farko har ya samu sauƙi, kafin ƙarshen wata. Wanda bai kawo ba, ba za a sa masa hannu ba, sai ya maimaita zango. A asibiti kuwa, duk wanda aka zaunar a gabanta sai harshenta ya naɗe, ta ɓuge da tambayarsa ko iskar fanka ba ta dame shi ba. Saura mako uku, fayil ɗin fes yake kamar sabon faranti.

Sai Allah ya kawo Goggo.

Goggo ƙanwar Baba ce, tela ce, tana ɗinki a ɗakin da ke bakin ƙofar gida tun rasuwar mijinta. Kekenta tsoho ne mai ƙafafun ƙarfe, an ɗaura masa injin wuta. Wata safiya ta shigo tana yarfe hannu.

"Keken nan ja na yake yi. Jiya sau biyu, yau sau ɗaya. Har cikin haƙori nake ji. A kira mini mai gyaran wuta."

Anti Hujja ta ji kamar an yi mata bushara. Mace mai hawan jini, mai zaman kaɗaici, ga tsoron abu guda takamaimai. Irin wannan a babi na bakwai na littafin karatunta yake, har da zane.

"Goggo, zauna," ta ce, tana gyara tabarau. "Kiran mai gyara shi muke ce wa neman tabbaci. Yau ki kira shi, hankalinki ya kwanta na awa biyu, gobe tsoron ya dawo da ƙannensa. Tsoro kamar kyanwar maƙwabta ne, in kin ba ta sau ɗaya ta tare. Ba za mu ciyar da shi ba. Fuskantarsa za mu yi."

"'Yar nan, ni ba tsoro na ce miki ba. Ja na ce."

"Haka duk suke cewa."

Goggo ba ta yi boko ba, kuma tana alfahari da 'yar ɗan'uwanta. Ita ta ɗinka mata rigar bikin kammala karatu. Don haka ta haɗiye maganarta, aka shiga magani.

Aka zana mata tsanin fuskantar tsoro mai hawa takwas. Ran farko ta tsaya a bakin ƙofa ta kalli keke minti biyar tana jan numfashi a hankali. Rana ta biyu ta zauna kusa da shi. Kowane hawa sai ta faɗi yawan tsoronta daga ɗaya zuwa goma. Goggo takan ce, "Sa biyu," don a gama da wuri. Anti Hujja takan rubuta bakwai, saboda ƙwararre ya fi mai jiki sanin jikinsa.

A hawa na biyar aka kunna wuta, Goggo ta ɗora hannu, ta janye da sauri.

"Kin gani ko? Ya ja."

"Abin da kika ji sunansa faɗakarwar ƙarya. Ƙwaƙwalwa ce take buga ƙararrawa alhali babu gobara." Ta rubuta a layin karkatattun tunani: tana ganin keke yana ja.

Wani lokacin keken yakan yi lafiya, Goggo ta ɗinka hannun riga guda ba abin da ya faru. A irin wannan rana Anti Hujja takan ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar ci gaba. Washegari ya sake ja, sai ta rubuta koma-baya, abin da littafi ya riga ya ce za a gani. Ta kowace hanya littafi ne da gaskiya. Masu kaya suka fara zuwa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Goggo tana miƙa musu tana ba da haƙuri, tana cewa magani ake mata. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wanda ya yi karin maganar bai karanta babi na bakwai ba.

Ana saura kwana biyu a miƙa rahoto aka kai hawa na takwas. Anti Hujja ta tara Baba da Mama su zama shaida. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ɗinki, tsakanin ƙyallaye da kwalin zare, ta yi jawabi.

"Yau za mu yi gwaji. Imani ba ya rushewa da musu, da gwaji yake rushewa. Goggo ta yi hasashen cewa duk wanda ya taɓa ƙarfen nan zai ji ja. Ni kuma na ce ba abin da zai faru. Ku lura da kyau, domin irin wannan darasi wasu sai sun je jami'a suke samunsa."

Ya kamata a faɗa a nan cewa a kwana goma sha tara na magani, ba ta taɓa kai hannunta jikin keken ba. Mai riƙe da fayil da biro ba shi da hannu na uku.

Ta ajiye fayil. Ta dafa ƙarfen da tafin hannu gaba ɗaya, tana murmushin masana.

Ba a san takamaimai abin da ta faɗa ba. Mama ta ce sunanta ta kira. Baba ya ce bai yi kama da kowane harshe ba. An dai tsince ta zaune cikin kwandon ƙyallaye, tabarau a wuya, tana jin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Baba da ba ya iya hawa bene, da tsalle ɗaya ya kai wurin soket.

Goggo ta sunkuyo ta ɗaga ta, tana karkaɗe mata zare daga ɗankwali. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan.

Mai gyaran wuta ya zo kafin azahar. Ya kifa injin, ya nuna inda ɓera ya gwaguye waya, tana taɓa ƙarfe duk lokacin da teburin ya motsa. Minti goma ya yi. Yana tattara kayansa ya tambayi tun yaushe abin yake haka, aka faɗa masa. Ya daɗe yana kallon Goggo, sannan ya ce, "Hajiya, kina da sauran kwana."

Ran miƙa rahoto, Shugaba ta karanta shafi shida ba ta ɗago ba. Mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ba ta taɓa cewa kowa "haka duk suke cewa" ba.

"Kin tambaye ta hujjarta?"

"Na tambaya, Malama."

"Ta ba ki?"

"Sau goma sha ɗaya."

"Kika yi yaya da ita?"

Anti Hujja ta amsa wa takalminta.

"Kafin a ce tsoron mutum ya wuce kima, ai sai an duba ko abin da yake tsoro yana nan," in ji Shugaba. "Wannan a babi na ɗaya yake." Ta rufe fayil ta turo mata. "Amma ban ce ba ki da rahoto ba. A cikin takardun nan akwai mutum ɗaya mai kafaffen imani, wanda bai ji magana ba, aka yi gwaji sau ɗaya ya warke sarai. A kansa za ki rubuta. A gurbin mai ba da shawara ki sa goggonki. Ki kawo mini Litinin, in sa hannu."

To, Malama, ga shi na kawo. Na rubuta "ita" ne daga farko har ƙarshe, don na gwada da "ni" biron ya ƙi tafiya.