Yadda Za Ka Yi Wa Majalisa Bayanin Girafin Ba Tare Da Ka Taɓa Ganin Sa Ba

Kai da ɗiyarka ta dawo daga jami'a, majalisa kuma ta zuba maka ido ka faɗi abin da ta karanto, matso kusa. Bi matakan nan, ba mai kunyata ka daga Gummi har Gwashi. Na gwada su da kaina da Basma tawa ta dawo.

1. Riƙe sunan

Girafin. Yi ta maimaita shi a hanyar fadama har bakinka ya saba. Wanda ya iya sunan abu, rabin abin nasa ne.

2. Zuga shi

Ka ce kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce tak, ɓawon albasa bargo ne a gabansa. Ya fi ƙarfe ƙarfi, lantarki kuma na gudu a cikinsa fiye da cikin tagulla. In an ce da mi ake yin sa, yi tari. Kada ka faɗi cewa da salatif ake ɓare shi daga bakin fensir, za a tambaye ka amfanin zuwa jami'a.

3. Guji mai sikeli

Gwadabe mai sayen zinariya ba ya yarda da abin da bai auna ba. Ya tambaye ni giram nawa ne. Na ce masa ana neman yadda za a tace ruwan rijiya da shi, har dalma ta kasa wucewa. Duk wanda ya san yadda dalmar haƙar zinariya ta kashe yara a Tungar Guru ya yi shiru. In ka samu irin wannan shirun, sa takalminka ka tafi.

4. Kada ka kawo shaida

Ni ban tafi ba. Na shiga gida na ɗauko ɗan gilashin da Basma ta ce wata shida ta yi kafin ta shimfiɗa abin a kansa. Aka yi ta miƙa shi hannu-hannu, ba wanda ya ga komai. Don a gani da kyau, na hura masa iska na goge shi tas da bakin riga, kamar madubin babur.

5. Amsa laifi tun da wuri

Basma ta daɗe tana duban gilashin, sannan ta ce, "Baba, ka ce wa Inna kada ta wanke rigar nan. Duk aikina yana jikinta."

Ni dai shawara na bayar kyauta. In taka ɗiyar ta koma gaishe ka daga bakin ƙofa, kada ka zo mini. Wata shidan da za ta sake yi, tsakaninka da ita ne.