Ranar da Farfesa Ya Karanta Allon da Ba a Kunna Ba

Har yau in aka ambaci Farfesa a layinsu, sai wani ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya soma jero haruffa. Shi ne mutumin da ya karanta allon gwajin ido daga sama har ƙasa, babu tuntuɓe, alhali ba a kunna allon ba. Irin wannan baiwa ba kowa ake ba wa ba.

Kada a raina masa. Shekara ashirin da bakwai ya yi a sashen ido na asibiti, riƙe da sanda yana nuna wa marasa lafiya haruffa. Likitoci sun zo sun tafi, sanda tana hannunsa. Da ya yi ritaya ya koma gida da farar rigar aiki da wata 'yar tocila, duk wanda ya gaishe shi sai ya haska masa ido, har mai gyaran famfo.

Ana nan sai idonsa na hagu ya yi ja, haske na sukarsa. Likitar da ta duba shi, a cewarsa, shi ya nuna mata ɗakin ajiye jaka ranar da ta zo koyon aiki. Ta ce kumburi ne a can cikin ido. Ta ba shi maganin ɗigawa biyu: ɗaya na kwantar da kumburin, ɗaya na buɗe ƙofar baƙin ido, don kada gefenta ya manne da madubin da ke bayanta. In ya manne, ruwan ido zai rasa hanya, ya turo baƙin gaba ya toshe magudana, hawan jinin ido ya biyo baya. Farfesa ya saurara kamar mai ba da jarrabawa, ya ce ta yi ƙoƙari.

A gida aka samu matsala. Maganin buɗewa yana dusashe rubutu, shi kuwa kowace safiya a ƙofar gida yake karanta jarida, inda maƙwabta za su shaida. Ya jefa kwalbar a aljihun tebur, ya samo wani mai tsuke ƙofar ido, wanda ya sha ganin ana ba masu hawan jinin ido.

Matarsa ta ce ba wannan aka rubuta ba.

"Maman yara," in ji shi, "ido kamar gida ne. In ana tsoron ɓarawo, rufe ƙofa ake yi ko buɗewa? Yarinyar tana da takarda, ni ina da shekaru."

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Da ya soma ganin bakan gizo kewaye da ƙwan lantarki, sai ya yaba wa kamfanin da ya ƙera ƙwan. Ciwon kai ya ce tunani ne ya yi masa yawa. Ranar da amai ya zo, matarsa ta taɓa idon ta ji shi kamar dutse, ba ta nemi izini ba ta kira ƙaninta ya kawo mota.

A asibiti an daɗe da cire tsohon allo, an sa na lantarki. Ma'aikaciya ta rufe masa idon dama, ta juya tana neman makunni. Farfesa bai ga komai ba sai hazo, amma ya gyara murya ya jero haruffan tsohon allon da ya haddace, har layin ƙarshe da ko matuƙin jirgi ke shan wuya a kai. Allon kuwa ko kunna shi ba a yi ba tukuna. Ƙanin matar ya fita da sauri, wai tari ya kama shi.

Likitar ta ɗaga hannu a gabansa ta ce, "Baba, yatsu nawa?"

Ya ƙura wa hannun ido, ya kasa ƙirgawa. Sannan a hankali, da muryar da matarsa ma ba ta san yana da ita ba, ya ce, "'Yata, zai dawo kuwa?"

Ta ce za a gwada. Aka sauke ƙarfin ruwan da ƙwayoyi da ɗigo, aka huda 'yar kafa a baƙin idon da hasken leza don ruwa ya samu mafita. Gani ya dawo, amma ba duka ba. Layi uku na sama yanzu nasa ne na halal, sauran sun tafi. Kwalabe kuwa sun koma hannun matarsa, ita ke riƙe masa haɓa safe da yamma.

Suna cikin haka wata safiya ƙanin ya shigo, ya nuna farin bangon falo ya ce, "Yaya, taimaka ka karanta mana layin ƙasa."

Farfesa, kai a sama, magani na gangaro masa a kunci, ya ce, "Yi dariyarka. Haruffana daidai suke, ko ɗaya ban ɓata ba. Je ka tambayi wanda ya cire allon bai sanar da ni ba."