Masanin Teku a Kududdufin Bayan Gari

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na dawo gida hutu, ina shekarar farko a digirina na biyu kan halittun teku. Eh, teku. Ni da na tashi a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta, inda ruwa mafi girma shi ne kududdufin bayan gari da ake haƙar ƙasar gini.

Gaskiyar magana, aikina a can Kudu bai wuce zaman ɗakin bincike ba. Masunta ke ɗebo min ruwan teku a kwalba, ni kuma in ɗiga shi ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu ina leƙen wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Ninƙaya kuwa ko ta sisin kwabo ban iya ba. Amma shegen son girma ya sa na ari kayan nutso na wani abokin karatu, na tsaya a bakin gaɓa (ko tafin ƙafata bai jiƙe ba), aka ɗauke ni hoto na tura gida.

Hoton nan ya zama jarin Baba. Duk wanda ya zauna a majalisarsu ta gindin ɗorawa sai an nuna masa. Dama ƙaninsa, Baba Sule, ya sha cewa karatun banza nake yi, wai ina ruwan ɗan manomin gyaɗa da teku. To, ga amsa ta samu.

Ran wata Talata da hantsi, majiya ƙarfi duk suna gona, sai muka ji Gwaggo Ladi tana kururuwa. Akuyarta mai ciki ta zame ta faɗa kududdufi, laka ta riƙe ta, kai kawai ake gani. Tsofaffin majalisa suka ɗunguma, ni ma na bi su.

Sai Baba ya ɗaga hannu. "Ladi, kwantar da hankalinki. Ga wanda ya saba da teku, kududdufi ai wasan yara ne."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma na dubi Baba yana ta murmushi, na dubi Baba Sule ya harɗe hannu yana jira, sai na fasa. Na tuɓe takalmi, na miƙa wayata, har da ɗan miƙe gaɓoɓi irin na ƙwararru (Allah Ya yafe min).

Taku uku na yi. A na huɗu laka ta zare min ƙafa, na tafi da baya, ruwa ya rufe ni. Jama'a, na ga lahira! Na ɗago ina kalmar shahada, na sake nutsewa, na lalubo wani abu mai gashi na ƙanƙame. Akuyar ce. Ni da na zo ceto, ga ni rungume da wuyanta, tana ihu ina ihu, kuma na rantse nawa ya fi nata.

"Wayyo Allah, na mutu! Ku kawo igiya!"

Sai na ji an damƙi wuyan rigata. Gwaggo Ladi ce, mai jikoki goma sha, ta ɗaure zani ta shigo.

"Kai, sakar min akuya kada ka kashe ta! Miƙe tsaye mana!"

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Gwaggo ta fara fitar da akuyar, sannan ta dawo ta ja ni. Baba Sule ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Baba kuwa ya miƙo min takalmina ya juya gida. Wannan juyawar ta fi dariyar ƙona min rai, don na san ba ni kaɗai na ji kunya ba.

Bayan la'asar ya kira ni zaure. "Tekun nan, ka taɓa shigarsa?"

Na ce a'a. Na kwashe komai na faɗa masa, har aron kayan. Sannan na buɗe waya na nuna masa bidiyon ainihin aikina: ɗigon ruwa ɗaya, cike da halittu suna ta wutsil-wutsil. Ya daɗe yana kallo, ya ce a maimaita.

"Ikon Allah! Duk wannan a ɗigo guda? To, kai da kake da wannan, me ya kai ka aron riga?"

Washegari bidiyon ya ɗauka zuwa majalisa, har Baba Sule ya nemi a sake kunna masa. Sai dai sunan da Baba Sule ya raɗa min ya riga ya bi ni: har yau Sarkin Ruwa ake kirana a garin, Gwaggo kuma in ta gan ni sai ta ce a ɗaure awaki.

Yanzu ina koyon ninƙaya, an kusa a daina riƙe ni. Na kuma gane cewa rigar aro ba ta hana nutsewa, kuma kafin mutum ya tara wa kansa jama'a da ihu, ya fara gwada miƙewa tsaye tukuna.